Yayana Ba Ya Taɓa Ƙwallo

Yayana ba ya taɓa ƙwallo. Aikinsa ke nan, kuma a kansa aka ɗauke shi daga Kuala Lumpur zuwa Amurka. Manya wajen ashirin suka kasa gane haka a watan Agustan da ya wuce, ni kuwa da na gane sai da na yi mako guda maganar tana bakina na kasa fitar da ita.

Muna zaune a hawa na tara na wani bene kusa da titin Jalan Semarak, inda Baba ke karatun digiri na uku. Ina aji uku a firamare muka baro Kaduna. Yaya ya girme ni da shekara shida, kuma tun yana sakandare sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinmu. Mama ta taɓa zaga shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman kaf tana neman wandon makaranta daidai shi, ƙarshe yadi ta saya aka ɗinka. A makaranta aka sa shi wasan ragbi. Wani ya ɗauki bidiyonsa ya sa a intanet, ya yi ta yawo har ya faɗa hannun masu neman ƙattan samari daga wasu ƙasashe don ƙwallon Amurka. Suka horar da shi wata da watanni, sannan wani kulob ya kira shi sansanin atisaye na kafin a fara gasa.

Sansanin nan tankaɗe da rairaya ne. Ana tara 'yan wasa da yawa, su yi makonni suna atisaye cikin rana, a buga wasannin gwaji, a ƙarshe a sallami kusan rabi. Baba bai so tafiyar ba. Yaya ya riga ya jingine karatun jami'a shekara guda, kuma an gaya masa in bai zo da kansa ya yi rajista kafin ƙarshen Agusta ba, gurbinsa ya tafi. A filin jirgi Baba ya ce masa, "Ka je. Amma in na ga wasa suke yi da kai, zan kira ka, kuma za ka dawo." Yaya bai taɓa yi wa Baba musu ba. Duk mun san in an kira shi, dawowa zai yi.

Kafin tafiyar, kullum da yamma yana fita baranda ya yi atisayen ƙafa. Ni ce mai shimfiɗa masa sandar mofa a ƙasa a matsayin layi. Sai ya tsuguna, yatsunsa a siminti, in ce "tafi", ya ja da baya taku biyu gajeru, tafukan hannunsa a gaba kamar mai tare saniya. A nan ya bayyana mini aikin. Su biyar ne ƙatti da ke jeruwa gaban mai jifa. Abokan hamayya suna so su kutsa su kayar da mai jifan kafin ya saki ƙwallo, su kuma su zama katanga.

"Auta, ki riƙe wannan," in ji shi. "In kika ji an kira lambata a lasifika, laifi na yi. In ba ki ji ta ba, na yi aiki."

Akwai abokin Baba da muke kira Kawu, ɗan Zariya, mai shagon wayoyi a Bukit Bintang. Tun ranar da labarin ya fito ya ɗauki abin a kansa. Ya buga riguna masu lambar Yaya, saba'in da huɗu, ya raba wa 'yan Arewa. Kullum sai ya turo guntayen bidiyon sansanin a gurup ɗinsu na waya. A ciki za ka ga 'yan kallo sun taru bayan shinge suna ihu duk lokacin da wani siriri ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, suna miƙa masa huluna ya sa hannu. Ƙattan kuwa su wuce ta gefe zuwa inuwa, ba mai kiransu. A can gefen hoton nake nemo Yaya. Ina gane shi da safarsa ta hagu da kullum take zamewa, da yadda yake rataye hular kwanonsa da yatsa biyu.

Wasan gwaji na farko ya faɗo da safiyar Asabar a wurinmu, domin yammacinsu safiyarmu ce. Kawu ya shirya da mai shagon shayi da abinci na ƙasan benenmu, irin wanda ake kira mamak, aka haɗa wasan a talabijin ɗin da ke rataye saman kanta. Aka haɗa tebura huɗu. Kowa da rigarsa, har wani Ankul ɗan Jos, injiniya, wanda ya sa tasa a kan rigar ofis. Na zauna a ƙarshen tebur kusa da Baba ina yagar gurasar da ake kira roti.

"Yau ɗanmu zai ci musu biyu," in ji Kawu. "In bai ci ba ku aske mini gemu."

Ba a sako Yaya ba sai bayan hutun rabin lokaci. Da lambarsa ta bayyana aka buga tebura har shayi ya zube. Ya tsuguna, ya tashi, ya ture wani ƙato, aka busa usur. Ya sake tsugunawa. Haka aka yi ta yi. Ƙwallon tana wucewa ta bayansa, ta samansa, ta gefensa, shi ko waiwayenta ba ya yi. Hayaniyar tebur ta fara raguwa.

"Wai ba sa ba shi ne, ko shi ne ba ya nema?" in ji Ankul. "Ko gola ai yana taɓa ƙwallo."

"Wariya ce," in ji Kawu. "Sun ga baƙo."

Ana cikin haka alƙalin wasa ya jefa wani ƙyalle ruwan ɗorawa, ya juyo ya faɗi lamba a lasifika. Saba'in da huɗu. Yaya ya motsa kafin lokaci, aka mayar da su baya. Kyamara ta tsaya a kansa yana dukan cinyarsa.

"To, alhamdulillahi," in ji Kawu. "An dai ji mu a Amurka."

Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Kumfar shayinsa ta kwanta, bai kurɓa ba. Da muka hau sama na ji yana ce wa Mama, "Kokawa suka kai shi. Na ba shi wasa ɗaya. In na Asabar mai zuwa ma haka ne, zan kira shi tun rajista ba ta rufe ba."

A makon nan Kawu ya tura wa Yaya saƙon murya, ya kuma sa shi a gurup don kowa ya ji: ya je ya sami koci ya gaya masa akwai jama'a a Malesiya da suka tashi da sassafe dominsa, a ba shi ƙwallo ko sau ɗaya. Wasu suka biyo baya da nasu shawarwarin. Da can Yaya yana turo mini saƙo mai tsawo, har abin da ya ci sai ya faɗa. A makon nan guda ɗaya ya turo. "Auta, Baba ya ce wani abu?" Na ce masa a'a. Ban iya ƙarya ba, kuma ya sani.

Na kwafi wasan a tsohuwar wayar Mama, ina kallo a bas, zuwa makaranta da dawowa. Sai in sa babban yatsana in rufe ƙwallon, in kalli Yaya kaɗai. Ni ce mai wanke kayan ragbinsa shekara biyu, na san yadda ciyawa ke kama farin yadi. Mai jifan da ya buga rabin farko ya fita bayan rigarsa kore shar, don an kayar da shi. Wanda Yaya ya tsare ya fita da rigarsa fara tas kamar yanzu aka goge. Na kuma ga laifin. Ƙaton da ke gabansa ne ya girgiza kafaɗa da gangan, diddigen Yaya na hagu ya ɗaga. Ƙafar nan ta hagu tana ɗan makara in zai ja da baya, tun a barandarmu haka take, shi ya sa yake gaggawar ɗaga ta.

Sau uku na yi niyyar gaya wa Baba. Na ƙarshe na kai masa shayi yana karatu, na ce, "Baba." Ya ce, "Na'am." Na ce, "Sukarin ya isa?"

Asabar ta biyu aka tashi da ruwa. Ina sanye da kayan makaranta don muna da darasi da hantsi, laimata a jingine da kujera. Tebura biyu kawai aka haɗa, kuma ban da ni mutum uku ne suka sa rigar. Baba ya kife wayarsa kusa da kofi. Na san abin da take jira.

Wannan karon an sako Yaya da wuri. Can sai aka miƙa wa wani gajere ƙwallo, ya ratsa ta tsakiyar mutane kamar an buɗe masa ƙofa, ya sheƙa har ƙarshen fili. Shagon ya ɗauki ihu.

"Kun gani?" in ji Kawu. "Wannan shi ne ɗan wasa. Namu yana can yana rungumar mutane."

Baba ya kai hannu kan wayar. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ji kujerar roba ta faɗi a bayana, laima a hannuna. Talabijin tana maimaita abin a hankali. Na je gindinta, na ɗaga laimar a naɗe, na ɗora tsininta a kan saba'in da huɗu.

"Kawu, ta ina ya bi?"

"Wa?"

"Wanda ya ci. Ta ina ya bi?"

Sai na amsa da kaina. "Ta nan. Wa ke tsaye a nan ɗazu? Wancan ƙaton mai jar riga. Ku duba inda yake yanzu." A talabijin ɗin Yaya ya sa masa tafuka a ƙirji yana tafiya da shi gefe, taku, taku, kamar mai tura firji, gajeren kuma ya wuce ta wurin da ya bari. "Ku daina bin ƙwallon. Ba a can yake aiki ba."

"Ashe tana magana," in ji Ankul.

"Malam, 'yarka ta zama koci," in ji Kawu, aka yi dariya. "'Yata, ƙwallo dai sunanta ƙwallo. Wanda bai taɓa ta ba bai buga ba."

Na ce, "Kawu, mai gadin shagonka ya taɓa sayar da waya ko ɗaya? Ka kore shi?"

Mai shagon shayin ya taɓa hannuna a hankali, ya nuna mini ruwan laimata yana ɗiga a kan ayabarsa. Na matsa kaɗan, amma ban sauke ta ba.

"Ni dai ban buga riguna don mai gadi ba," in ji Kawu. Ya dubi Baba, yana jira a ce in zauna.

Baba ya janye hannunsa daga kan wayar. "Bar ta," in ji shi. "Ke, ci gaba da nunawa. Ni ɓace mini yake in sun cakuɗe."

Haka na tsaya har aka fitar da Yaya, hannuna ya yi tsami, ina bin sa da tsinin laima duk inda ya yi. Sau ɗaya wani ya kusa zille masa ta hagu, na ce, "Ƙafar nan ce." Ba a kira lambarsa ba ranar. Na makara a darasi.

Da yamma muka haɗu da Baba a lif. Sai da ƙofa ta rufe ya ce, "Ba a yi wa babba irin wannan tambayar cikin mutane. Gobe za ki je ki gaishe shi."

"To, Baba."

Muka wuce hawa na huɗu, na biyar.

"Ƙafar da kika ce, me ke damunta?"

Bayan magariba ya kira Yaya, ya sa a lasifika. Na ji yadda Yaya ya yi sallama, muryar wanda ya riga ya haɗa jakarsa. Baba ya tambayi lafiyarsa da abinci. Sannan ya ce, "Ƙanwarka ta ce ƙafarka ta hagu tana makara. Ka gyara." Sai Yaya ya fashe da dariya, dariyar da ban ji ba tun tafiyarsa. Ya ce kocinsu ma abin da yake faɗa ke nan. Baba bai yi maganar dawowa ba.

Ranar rufe rajista ta zo ta wuce. Na ga Baba ya linke takardar jami'ar ya sa cikin wani littafi, ya daɗe zaune hannunsa a kan bangon. Ba ƙaramin abu ya bari ya tafi ba, kuma na san da bakina a ciki.

Da aka yi rairayar, Yaya bai shiga jerin masu buga gasa ba. An riƙe shi cikin 'yan atisaye, waɗanda ke horo tare da kulob duk mako amma ba sa fita ranar wasa. Kawu ya rubuta kalma ɗaya a gurup: "Ajiya." Na je shagonsa na gaishe shi kamar yadda Baba ya ce. Na ba shi haƙuri a kan ɗaga murya, a kan wannan kaɗai. Ya ba ni lemo. A kan kanta na ga ɗaya daga rigunan, an yanke ta ana goge gilashi da ita.

Tawa tana kai mini gwiwa. Ina sa ta a kan doguwar riga duk ranar wasanni a makaranta. 'Yan ajinmu sun ji labarin ina da wa a ƙwallon Amurka, sukan tambaye ni ƙwallo nawa ya ci. Da can sai in sunkuyar da kai. Yanzu nakan ce ko ɗaya, kuma ba zai ci ba. In mai tambayar ta tsaya, sai in ciro wayar Mama, in sa yatsa in rufe ƙwallon, in nuna mata inda za ta duba.