Na Bakwai a Takardar Arzika

Ɗiyar ƙanwata da ke karatu a ƙasar waje ta samu ɗan aikin hutu a wani ɗakin ajiye littattafai, aka ba ta akwatunan takardun wani gida guda ta jera. Mutanen gidan 'yan wata ɗariƙa ce ta Kirista da ake ce wa Kweka, masu taruwa su zauna shiru a madadin wa'azi, ɗariƙar da na tabbata ba za ta samu mabiyi ko ɗaya a zuriyarmu ba. Ta ce wasiƙunsu na nan tun na kakannin kakanni, har da wadda wani tsohonsu ya rubuta da hannunsa yana faɗin zaluncin da ya yi wa mutanen da ke ƙarƙashinsa, kuma ba jikan da ya yage ta. Sai ta tambaye ni a waya: "Inna, mu fa? Muna da wani abu?"

Na ce mata muna da shi. Sa'an nan na ce rezo ba kyau, layin na yankewa, na kashe.

Abin da muke da shi gwangwani ne. Tsohon gwangwanin shayi mai murfi, wanda fentinsa ya goge har ba a gane ko hoton raƙumi ne a jikinsa ko na jirgin ruwa. Yana zaune cikin tukunyar tufafin kakata ta wajen uba, Kaka Hajo, a ƙauyenmu na Kurfai, tafiyar safiya ɗaya a kan jaki daga Filingue. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kirana da wani abu ba sai Takwara. A cikin gwangwanin akwai takardar allurar shanun da suka daɗe da mutuwa, da wasiƙar ajami daga wani ɗan gidan da ya tafi Kurmi bai dawo ba, da hoton wani soja da har yau ba a daidaita kan ko wane ne ba. A ƙasansu duka, naɗe cikin tsumma fari, akwai Takardar Arzika.

Arzika shi ne surukin Kaka, uban mijinta. Ni ban tarar da shi ba, amma na tarar da takardarsa, kuma ta fi mutane da yawa daraja a gidan. An ce kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin a lokacin, shi ne da kansa ya ba shi ita don girmamawa. Ran Salla ake fito da ita, Baba Sanda, wan mahaifina, ya riƙe ta da hannu biyu kamar jariri. Mace in naƙuda ta yi tsawo, a sa mata ita ƙarƙashin tabarma. Wanda zai je gaban hukuma, a goga masa a goshi. Da harshen Nasara take, ba wanda ya iya karanta ta, abin da bai taɓa rage mata ƙarfi ba. An taɓa nuna wa wani magatakarda da ya zo daga Filingue. Ya karanta, ya naɗe, ya ce, "Lalle takarda ce mai nauyi," ya kuma ƙi tsayawa cin tuwo. Gidanmu ya ɗauki wannan a matsayin shaida.

Lokacin ɗari, hatsi ya shiga rumbu, da an gama tuwon dare sai Kaka ta hura wuta a ƙofar ɗakinta. Karan hatsi take ƙonawa, shi kuwa kara wutarsa ba ta da haƙuri, sai an yi ta ƙara mata, don haka duk mai son zama kusa sai ya zo da dammensa. Tana tura gujiya cikin toka da ɗan tsinke, tana rabawa yadda ta ga dama, ba yadda adalci ya ce ba. In ta gyara zama sai ta ce, "Ga ta nan tahe, ba ta da ko takalmi." Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai guda da ba ta yin ta sai daren da aka fito da takardar da rana. Mun lura da haka, kamar yadda yara ke lura da komai ba su fahimci komai ba.

Wai Kura ce ta gaji da raini. Ta je wurin Dila malamin daji, ta ce ya rubuta mata takardar da za ta sa a riƙa girmama ta. Dila ya ce, a bakin Kaka, "Ni ba ni rubuta abin da ba a yi ba. Hwaɗi ayyukanki, in zuba." Kura ta miƙe ƙafa ta shiga lissafi da alfahari: akuyar tsohuwa mai ido ɗaya, ɗan jakin mai ɗiban ruwa, tumakin marayu biyu da ta kwashe daren da ake zaman makokin ubansu. Dila ya rubuta duka, bai ƙara ba, bai rage ba. Kura ta ɗinke takardar a fata, ta rataya a wuya. Duk rijiyar da ta je sai ta buɗe ta miƙa. Wanda ya karanta sai ya ja da baya, uwaye su tattara 'ya'yansu, a bar mata bakin rijiya ita kaɗai. Sai ta waiwayo ta ce wa 'ya'yanta, "Kun gani? Wanga shi a girma."

Nan tatsuniyar take ƙarewa, kullum kuma sai mun yi ƙorafi.

"Kaka, ba a kashe ta ba?"

"Wa zai kashe ta? Da ƙiba tam mutu. Ɗiyanta na nan suna hwaɗa kan wa za shi rataya."

Baba Sanda, in yana kusa yana jin ɗumi, shi ya fi kowa dariya.

Ni ce ta farko a gidan da aka kai lakwal, makarantar boko, ba don an fi so na ba, sai don an ce kowane gida ya ba da yaro guda, aka duba aka ga ni ce aikin gona zai fi saurin mantawa da ita. Ina ajin ƙarshe na firamare Babbar Salla ta zo, muka yi baƙi daga Bonkoukou. Baba Sanda ya ga dama ta samu ta nuna dukiya biyu a lokaci ɗaya. Aka shimfiɗa tabarmi, aka fito da takardar, aka ce in karanta.

Na tsaya yadda malaminmu, da muke ce wa Mushe, ya koya mana, ƙirji a gaba, ana numfashi a waƙafi. Rabin farko layi huɗu ne. Kumandan yana shaida cewa Arzika ya gamsar da hukuma ƙwarai, domin ya kawo mutum goma sha biyu daga ƙauyensa zuwa aikin hanya ba tare da an aiko masu bindiga ba. Ƙasa da wannan, sunaye ne goma sha biyu, kowanne da lambarsa. Biyar a cikinsu an yi musu ɗan gicciye a gefe da wata tawada dabam.

Yarinya ce ni, amma ba jaka ba. Kowane yaro a Kurfai ya san aikin dole, ya ga tsofaffin da kwandon dutse ya cinye wa gashin tsakiyar kai. Na gane abin da ke hannuna tun kafin in kai layi na uku. Sai na karanta sunayen ta hanci, da lafazin Nasara, yadda ko uwayen da suka haife su ba za su gane su ba.

"To, mi tac ce da Hausa?" in ji Baba Sanda.

"Ta ce Arzika mutumin kirki ne, kumandan ya ji daɗinsa."

"Allahu akbar! Sauran na ƙasa hwa?"

"Shaidu ne, Baba."

Aka yi ta sa mini albarka. Aka ba ni tsokar hanta mafi girma, gabanin maza. Na ci, ta kuma yi mini daɗi. Daga baya na karanta littattafai da dama kan yadda masu ilimi ke sayar da alƙalaminsu, ban ga wanda ya yi araha kamar ni ba.

Da dare Kaka ta yi tatsuniyar Kura kamar yadda ta saba. Da yara suka watse sai ta riƙe bakin zanena.

"Takwara, ɗauko gwangwani. Karanta mini shaidun nan naki. Da bakin gidanku, ba da hancin Mushe ba."

Na matsa kusa da wuta na karanta. Ba ta motsa ba har na kai na bakwai: Nomau Gado.

"Sake."

Na sake.

"Gwada mini da yatsa."

Na nuna mata. Ta goge tokar hannunta a zane, sau biyu, kafin ta ɗora yatsa a kan layin. Ta daɗe a haka. Sa'an nan ta matsar da shi gefe, kan ɗan gicciyen.

"Wanga ɗan abu hwa?"

A nan ban yi ƙarya ba, jahilci ne tsantsa, irin wanda sai an je makaranta ake samunsa. Sai daga baya na san gicciyen alamar wanda ya mutu ce. Na ce, "Alamar tarawa ce, Kaka. Ta lissafi. Kamar biyu a tara da biyu."

"Tarawa," in ji ta. "To, su can sunka tara. Mu ragi munka gani."

Nomau wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana ƙarama ta kai masa fura gona lokacin noman maimai, ta tarar da Arzika tsaye a bakin gonar yana nuni da sanda. Gidajen da ba su da gata ya bi yana tsinta, bai taɓa ɗansa ko ɗaya ba. Ta ce tana nan riƙe da ƙwaryar har suka ɓace mata, don ba wanda ya gaya mata ta ajiye. Shekaru bayan haka ta auri ɗan Arzika. Da na buɗe baki zan tambaya, ta riga ni: "Ɗan bai yi mini komi ba." Ta daɗe tana zargin abin da takardar ta ƙunsa, domin ta ga ranar da aka kawo ta. Na ce, to me ya sa take naɗe ta da tsumma fari, ba ta jefa ta a wutar nan ba?

"Nomau ba shi da kushewar da na sani, ba shi da ɗiya. Nan kaɗai ya saura."

Daga ranar, duk daren da aka watse da wuri sai ta sa in karanta mata jerin, har na haddace shi kamar waƙar makaranta.

Kaka ta rasu ina koyarwa a gabas. Gwangwanin ya koma hannun Baba Sanda, daga shi sai ɗansa Alhaji Mamman, wanda ya yi jami'a, ya yi ofis a Yamai har ya yi tumbi, yanzu kuma yake neman sarautar ƙauyenmu. Bara na je gidansa suna. A falo, bisa talabijin, cikin kadar, wato firam ɗin hoto, mai ruwan zinariya, ga Takardar Arzika an manne ta cikin roba tana walƙiya. Ta gajarce. Layi huɗu, sa hannun kumandan da aka yanko aka liƙa a ƙasa, shi ke nan.

"Yaya, kin ga takardar Kaka Arzika? An gyara ta."

"Ina ƙasanta?"

"Wai jerin nan? Bai shiga kadar ba. Sunayen 'yan ƙwadago ne kawai."

"Ka karanta ta, Mamman?"

"Haba Yaya, digirin lisans fa gare ni."

"Shi ya sa na tambaya."

Ya duba ƙofa, ya rage murya. "Magidanta ne za su yi zaɓen, kuma jikokin wasu daga cikin mutanen nan na ciki. Mene ne amfanin tayar da abin da ya kwanta?"

Na tambayi inda guntun yake. Ya ce mai shagon da ya manne ta a roba ne ya yanke da reza, ya share da sauran tarkace. Ya faɗi haka yana miƙo mini farantin nama. Na bar shi da farantinsa da ƙanshin turarensa, na fita tsakar gida na tsaya kusa da magudanar ruwa, inda iskar ta fi tsabta.

Shekara talatin da wani abu ina ba 'yan makaranta tatsuniyar Kura, ina rufe ta da darasi, da alli, a ja layi a ƙarƙashi: ku yi karatu, kada ku rataya abin kunyarku a wuya kuna tsammani lambar girma ce. Na ɗauka a kan jahilci take. Ashe Kura, da duk ƙazantarta, ta fi mu gaskiya: duk abin da ta yi ta faɗa, duk abin da aka rubuta ta miƙa a karanta. Jikokinta ne suka je lakwal, suka karanta, suka gane, suka nemi reza. Akwai kuma wata dabba da Kaka ba ta taɓa sawa a tatsuniyar ba, wadda aka miƙa wa takardar a bakin rijiya, ta karanta ta ce, "Ta ce ke mutuniyar kirki ce," aka ba ta hanta. Ina jin don ina zaune a gabanta ne ta bar ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni da na sa ɗaruruwan yara kwafe layi ɗari don sun manta wasali, ban taɓa ɗaukar alƙalami na kwafe layi goma sha biyu ba. Na dogara da gwangwani.

Da na dawo gida na sayi sabon kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na jera lamba ɗaya zuwa goma sha biyu. Tara suka zo, Nomau a cikinsu. Na huɗu, na tara da na goma sha ɗaya sun ƙi. Na san ɗaya daga cikinsu yana da gicciyen, ban san wanne ba. Na bar musu layukansu a buɗe. Ranar kasuwa mai zuwa zan shiga motar Filingue da kayen, in bi tsofaffin da suka rage gida gida, ko wani ya tuna wa aka ɗauka daga nasu.

Labari ya riga ni isa, kamar yadda ya saba. Shekaranjiya Mamman ya aiko mini da saƙon murya mai tsawo, ya rufe da tambayar ko na manta gidan da na fito. Na mayar masa cewa ban manta ba. Gida biyu na fito, shi ma haka, guda ne kawai ya shiga kadar.