Dabbar teku da kwaɗon tabkinmu

Shekarun baya, da na dawo gida Olelewa daga yawon ƙasashen bakin teku, ba ni da hira sai ta wata dabba da na gani a Senegal. Tsawonta ya fi na babbar mota. Masunta sun faɗa min sunanta da Wolof da Faransanci, amma da Hausa ban san mata suna ba. A ruwa take zama, tana leƙowa ta shaƙi iska, kuma nono take ba ɗanta kamar saniya.

Yayana, wanda Damagaram ce iyakar tafiyarsa, ya saurara ya ce, "To ai kwaɗo ne, Alhaji. Ya dai samu abinci."

Na ce, "Haba Yaya, kwaɗo yana ba da nono?"

"Minti nawa take yi ba iska?"

"Kusan awa guda."

"Namu wata takwas yake yi ƙarƙashin busasshen tabki, bai taɓa ba kowa labari ba."

Majalisar da muke hira a cikinta ta fashe da dariya, ni kuwa na cika fam.

Bayan kwana uku aka yi ruwan farko. Na ɗauko ɗan irin geron da na zo da shi zan fita gona. Yaya ya tare ni a ƙofa. A gidanmu tun kakanni ba a shuka sai kwaɗin tabki sun fito suna kuka, don sai laima ta ratsa ƙasa sosai take tashe su. Ranar kuwa shiru.

Na ce, "Na ga teku huɗu da idona, yanzu kwaɗo ne zai ba ni izinin shiga gonata?"

Ya matsa min hanya. "Bisimilla, Alhaji."

Na shuke irin duka. Ya tsiro gwanin kyau, sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin, ya ƙone ƙurmus. Da ruwan gaske ya sauka, kukan kwaɗi har ya hana mu jin kiran salla, ni kuwa ko ƙwaya ba ni da ita.

Na je wurin Yaya da ƙwarya neman iri. Ya cika min ita har baki, sannan ya tambaye ni a natse, "Ita waccan ta tekun, ba ta faɗa maka komi a kan damina ba?"

Har yau ina nan a kan bakana: dabbar nan ba kwaɗo ba ce, kuma in na tuna raina yana ɓaci. Amma duk damina in an yi ruwan farko, sai in tsinci kaina a bakin tabki, na kasa kunne.