Waƙar Da Ɗan Farina Ya Aiko Mini

Shekarar da korona ta sa aka rufe makarantu, ɗalibai suka dawo gida ba ranar komawa, ina da shagon ɗinkin manyan riguna a Tudun Wada, nan Gombe. Ban yi boko ba, karatuna na allo ne da littattafai, kuma Allah ya hore mini sanin waƙoƙin wa'azi na ajami. Bayan la'asar mutane kan zauna a bakin shagona, in rera baiti, in warware musu abin da mai waƙar yake nufi. Har a raina nakan ji cewa babu waƙar da za ta ɓoye mini cikinta.

Cikin waɗanda suka dawo akwai ɗan farina, yana shekara ta biyu a jami'a. Mahaifiyata Bafulatana ce, a hannunta na tashi da kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In ina da magana, baffansa nake aikawa. Na lura yaron ya rame, yana barci har azahar, abinci ma sai an matsa masa, amma na ce zaman banza ne ya yi masa yawa. Wata rana ƙanwarsa ta karɓi wayata ta saka mini wata waƙa, ta ce yayanta ne ya aiko, yana roƙon Baba ya saurara har ƙarshe. Da na kunna sai na ji jita tana kuka, ganguna kamar ana rushe gini, wani Bature yana ihu kamar an taka masa wuya. Na yi a'uziyya na kashe.

Duk da haka abin ya tsaya mini. Na kai wa maƙwabcin shagona, wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan lantarki, wanda muka yi shekara da shekaru muna barkwanci. Ya yi ta dariya, wai ashe Malam ya fara zuwa gidan rawa a ɓoye, bari ya sanar da almajiran la'asar. Amma da ya saurara sau biyu sai dariyar ta ɗauke. Ya ce mai waƙar yana ba da labarin kansa ne: yana tashi hannunsa na rawa sai ya sha ƙwaya, ya sayar da kayan gida, ya yi wa masu ƙaunarsa ƙarya har yarinyar da yake so ta gaji ta tafi. Amshin kuwa roƙo ne, mutum ɗaya kawai ya zauna kusa da shi ya tambaye shi me ke damunsa. Maƙwabcina ya kama hannuna ya ce, don Allah Malam ya je gida ya zauna da yaron nan yau, ba gobe ba.

Raina ya ɓaci. Na ce masa wannan masifar Turawa ce, ɗana ya sauke Alƙur'ani tun yana ƙarami. Na aika baffansa ya gaya masa kada in ƙara jin kiɗan banza a gidana. Baffan ya dawo ya ce yaron bai yi musu ba, tambaya ɗaya ya yi, ko Baba ya ji waƙar har ƙarshe.

Damina ba ta fita ba aka kira ni daga unguwar Barunde. An tsinci ɗan nawa a wani kango yana jijjiga, kumfa a bakinsa, kwalaben maganin tari da ƙwayoyi a gefensa. A asibiti abokansa suka faɗi sauran, har da labarin wata yarinya da yake so wadda ta rabu da shi. Allah ya bar mana shi, amma harshensa ya yi nauyi, hannun hagu ba ya riƙe kofi, makaranta kuwa ta ƙare ke nan.

Iyaye 'yan'uwana, kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma tawa ta toshe wa ɗana kowace ƙofa, har ya rasa bakin da zai yi mini magana sai na wani baƙo mai ihu, ni kuma na tsaya hukunta kiɗan na bar mai aikowa. In ɗanku ya miƙo muku abu, ko ba ku son kamanninsa, ku tambayi dalili.

Bayan an sallame mu, wata la'asar ban buɗe shago ba. Na shiga ɗakinsa, na zauna a tabarmarsa, na kira sunansa. Ya ɗago a firgice, don bai taɓa jinsa a bakina ba. Na ce ya kunna waƙar nan ya warware mini ita baiti baiti, yadda nake yi wa mutane. Da harshensa mai nauyi ya yi ta fassarawa, ni kuma ban katse shi ba har jitar ta yi shiru. Sannan na tambaye shi me ke damunsa. Ya daɗe yana kuka kafin ya ce wannan tambayar ce bashin da yake bina, kuma yau na biya shi.