Ranar da Ɗangiwa Ya Ɗauki Buhu Biyu

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan wata na Sha'aban, da Allah Ya karɓi ran maigidana. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Ina faɗa ne, 'yata Rakiya tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, bai fito yana raye ba balle yanzu. Ni Malam nake ce masa. Amma duk wanda ya yi zamani da 'yan dakon hatsi na Tudun Wada ya san Ɗangiwa. To shi ne.

Dako ya yi tun yana saurayi har furfura ta fito masa. In ya dawo daga masallaci da asuba sai ya naɗe gammonsa, ya ɗaure ƙugu da wani tsohon rawani, ya sha koko ya fita. Masara, dawa, gero, wake, duk abin da mota ta kawo a kansa yake shiga sito. Da buhun nan ya ciyar da mu, da shi ya aurar da 'ya'ya. Lokacin da baro ya fara yawa a kasuwa dariya ya yi ta yi, wai an kawo wa ragwaye keke.

Labarin da aka fi saninsa da shi kuwa shi ne na buhu biyu. Wai wata rana mota ta zo da masara, hadari ya haɗu, ruwa na shirin sauka a kan kaya, sai Ɗangiwa ya ce a ɗora masa biyu a tashi ɗaya. Aka ɗora, ya taka har cikin sito ko tangaɗi bai yi ba. Har yau ana ba da labarin nan a teburin mai shayi, wasu ma sun mai da buhunan uku. In yara suka tare shi da tambaya murmushi kawai yake yi, ya ce su je su yi wasa.

Abin da ba a ba da labarinsa shi ne yadda ya ƙare. Ciwon baya ya fara kaɗan-kaɗan, yana cewa sanyi ne. Muka yi ta jiƙa saiwoyi, wanzami ya zo ya yi ƙaho, na dinga gasa masa wurin da tsumma da ruwan zafi. Kwanci tashi ƙafar hagu ta fara jan ƙasa. Kwanci tashi ruku'u ya gagara, ya koma salla a zaune. Da aka kai shi asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashi yana nuna mana, ni dai ban ga komai ba sai fari da baƙi, kuma tunda mai ciwon ya ce sanyi ne, a raina sanyi ne. Shekarunsa na ƙarshe a tabarma ya yi su, sai ni da Rakiya mun kama mun juya shi. Bai taɓa ƙorafi ba.

To jama'a, ga abin da ya sa na ce a rubuta. Ina da jika, ɗan Rakiya, wanda ya ci sunan Malam, shi ya sa nake ce masa Maisuna. Yana da mata da jariri a goye. Ya sami aikin lodi a wani siton takin zamani can wajen Dutsen Abba. Ranar da ya fara shigowa da kayan aiki ban gane shi ba: hular kwano, safar hannu, riga mai ƙyalli, takalmi mai ƙarfe a baki. Na ce, "Maigida, yaƙi aka ɗauke ka ko dako?" Ya ce, "Tsohuwa, kishi ne kawai, kin ga mijinki ya yi kyau za a ƙwace miki."

Daga nan kaina ya fara ɗaurewa. Ya ce an tara su an koya musu ɗaukar kaya. Ɗaukar kaya kuma sai an koya wa mutum? Wai kada ka sunkuya, ka tsuguna, ka miƙar da baya, ka rungumo kayan jikinka, ƙafafu su tashi da kai. Wai kada ka murɗa ƙugu da nauyi a hannu, ka juya da ƙafa. Wai buhu ɗaya mutum biyu. Wai ɗora nauyi a ka yana danne wuya, alhali ni na tashi na ga mahaifiyata da tulu a ka, ta kuma tsufa da wuyanta a miƙe. Wai ɗamara ba ta hana komai, sai dai ta ruɗi mutum ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, Malam kuwa cewa yake ɗamara rabin ƙarfin ɗan dako ce. Akwai kuma wata 'yar mota mai yatsu biyu na ƙarfe, ta soka su ƙarƙashin katako ta ɗaga buhuna jingim kamar mai ɗaukar faifai. Na zauna ina juya abin. In waɗannan ne da gaskiya, ashe Malam duk rayuwarsa bisa kuskure ya yi aiki? In kuwa shi ne da gaskiya, me ya kwantar da shi? Da yana nan, dariya zai yi wa motar nan kamar yadda ya yi wa baro, ko kuwa zai ce ina ma? Wallahi ban sani ba.

Ana nan ana nan sai na lura Maisuna yana dawowa dafe da ƙugu. Matarsa ce ta tsegunta mini. Ashe duk ranar da motar nan ta lalace, ko mai ya ƙare, ko tireloli suka zo a jere, sai a koma ka. Shugaban 'yan lodi ya ce a yi sauri, kowa ya sunkuci nasa. Ga shi abokan aikinsa sun gano jikan wane ne. Da zarar ya tsaya jiran wanda zai kama masa sai su hau tsiya: "Jikan Ɗangiwa na jiran taimako! Kakanka biyu yake ɗauka, kai ɗaya ya gagare ka!" Mai jini a jika, sai ya zage. Har sun sa masa rana wai zai gwada biyu.

Na kira shi na yi masa faɗa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Inna, ke kika ce sanyi ne ya kwantar da Baba. Ni ba ni da sanyi. So kike a ce sunansa na ci ban gaji zuciyarsa ba?" Ni ban taɓa ɗaukar buhu ba, ban kuma san amsar da mamaci zai bayar ba.

Sai na tuna da Malam Tanko na Gyallesu, wanda suka yi dako tare da Malam, yanzu idanu sun tafi. Ranar Juma'a bayan an sauko na ce Maisuna ya samo keke mai ƙafa uku ya raka ni gaisuwa. Muka same shi a zaure. Da ya ji wanda na zo da shi da aikin da yake yi, ya laluba ya kama hannunsa, ya ce, "Wane ne abokin ɗorinka?" Maisuna ya ce shi bai san wannan ba. Tsoho ya yi salati.

Ashe a zamaninsu ba a dako a ɗaiɗai. Kowa da abokin ɗorinsa. Ku biyu ku kama kunnuwan buhu, ku lilla shi, ku yi bisimilla ya hau kan ɗaya. Ka tafi ya bi ka ya sauke maka, sannan ku yi musanya. Ranar da abokinka bai fito ba, kai ma ba ka taɓa buhu, sai dai ka yi shara ko ɗinkin bakin buhu. Ya ce shi da Malam haka suka yi shekara da shekaru, har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa.

Maisuna ya ce, "To buhu biyun fa, Baba?"

Tsoho ya ce, "An yi. Ranar ba na nan, na tafi suna ƙauyenmu. Da ina nan sai dai mu yi dambe da mai ɗora masa. 'Yan kallo ne suka ɗora, suna ta ihu. Ya kai kuwa, amma ba wanda ya bi shi ya sauke masa, sai ya murɗa ya yar da su da kansa. Da na dawo ya ja ni bayan sito ya ce, Tanko, wani abu ya yi ƙas a bayana, kada a ji a gida." Ya juyo inda nake zaune. "Hajiya, ba sanyi ba ne."

Muka hau keke muka dawo gida. Ni dai har yau ban warware abin ba. Mutumin da muka raba kwano ɗaya, me ya hana shi faɗa mini? Kunya ce, ko gudun kada in tsaya a ƙofa in hana shi fita? Murmushin nan da yake yi wa yara, na jin daɗi ne ko na ciwo? Ga kuma wani abin ruɗun. Abin da masu hular kwano ke tara mutane suna koyarwa, buhu ɗaya mutum biyu, ashe tsofaffinmu sun riga su, ba allo ba takarda. To wa ya yar da shi a hanya? Yaya aka yi rana ɗaya da ya saɓa ƙa'ida ita aka riƙe, duk sauran ranakun da ya kiyaye aka manta? Maganar gammo da ɗamara kuwa na bar wa masu ilimi, ni ta fi ƙarfin kaina.

Makon da ya wuce Maisuna ya shigo da hantsi, fuska a murtuke. Na ce lafiya? Ya ce, "Mota ta lalace, an ce kowa ya ɗauki nasa. Na ce ba na taɓawa sai da na biyu. Shugaba ya ce in tafi gida in huta tunda ni ɗan sarauta ne."

"Sauran fa?"

"Sun ce ni ba jinin Ɗangiwa ba ne."

"Ka ce me?"

"Na ce su je Gyallesu su tambaya."

Ban san ko murna zan yi ko baƙin ciki ba, don ranar ya rasa aiki, ga iyali. Na dai zuba masa abinci. Washegari ya koma, sai wani magidanci a cikinsu mai suna Isiya, wanda shi ma baya ya fara damunsa, ya ce su haɗa. Yanzu tare suke ɗagawa, tare suke saukewa, ana ta yi musu dariya wai ango da amarya.

Ko Malam zai yi alfahari da jikan nan ko zai kau da kai, ba ni da wanda zan tambaya. Da ina zaton ƙarfi ne ya bari a bayansa, yanzu na ga ƙarfin tare suka tafi, abin da ya saura shi ne ƙa'idar da ya riƙe tsawon rayuwarsa, wadda ni matarsa ma ban sani ba sai bana. Allah Ya ji ƙansa, Ya yafe masa wannan rana ɗaya, Ya sauke masa duk nauyin da ya ɗauka dominmu.

Jiya na daka fura na aika wa Isiya. Ban taɓa ganinsa ba, ban san iyayensa ba, amma bayan jikana a hannunsa yake.