Baba Anya da Ruwan Saman Benenmu

Ƙarfe bakwai na safe, kafin masu zuwa ofis su gama zagin lifta, Baba Anya ya riga ya taka bene hawa goma sha biyar da ƙafarsa. Ba ya shiga lifta, ya ce bai san wanda ya ɗaura igiyarta ba. A saman rufin akwai kwamin ninkaya da ya shekara ashirin da uku yana kula da shi. Zai kwashe datti da raga, ya ɗebi ruwan a kwalba ya ɗaga yana harararsa kamar mai jiran ya amsa laifi, ya zuba magani, sannan ya tsuguna yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya da ƙotar sukudireba. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓata. Duk abin da aka faɗa masa, sai ya ce, "Anya?"

Bara ya lura ruwan yana raguwa fiye da yadda ya saba. Ya kai maganar gaban kwamitin mazauna. Shugaban kwamitin, tsohon malamin jami'a, ya gyara tabarau ya yi masa bayanin yadda rana take shan ruwa, har da zane.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "bana ne ranar ta ƙara ƙishirwa?"

Sai ya cika bokiti ya ajiye a matakalar kwamin, ruwan ciki da na waje daidai wa daida. Bayan kwana uku, na bokiti ya ragu da faɗin yatsa ɗaya, na kwami da huɗu. Rana ɗaya ce a kansu. Sauran ukun suna tafiya wani wuri, kuma abin da ke ƙarƙashin kwamin shi ne ɗakin da tagwayen wata tela suke kwana.

Ɗan kwangila ya zo da turarensa ya ce sabon tayil kawai za a liƙa, sati biyu an gama. Baba ya ce a fasa duka a sake. Kowa kuwa ya san sabon kwami da injinsa yake zuwa, mai shara da zuba magani da kansa, ba ya buƙatar tsoho da raga.

A nan muka fara zarginsa. Mutum ya dage a rushe abin da yake ci da shi? Ai ba a banza ba. Wasu suka ce sayar da ruwan yake yi. Wasu suka ce ƙaninsa zai samu aikin. Ba shi da ƙani, amma hakan bai rage wa maganar gudu ba. Kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti, ba don ya binciki rufi ba, don ya binciki Baba. Aka karɓe makullinsa.

Ya sauko hawa ɗaya ya buga ƙofar telar.

"Maman 'Yan Biyu, fito da gadon yaran nan falo."

"Haba Baba, silina fes yake, ko ɗigo babu."

"Shi ne abin da ya dame ni, 'yata. Da yana ɗiga da na san inda yake. Yana cikin kankare yana cin rodi."

Ta ja gadon waje, ta wuce wurin Shugaba da tef ɗin awo a wuyanta. "Ko a kawo injiniya ya huda, ko ka turo jikokinka su kwana a ɗakin. Bargo ni zan ba su."

Da injiniya ya huda, wani jan ruwa ya tsarto masa a riga. Rodin da ya zaro ya marmashe a hannunsa. Shugaba ya duba, ya ce dama shi ma ya yi ta wannan tunanin.

Wata bakwai aka yi ana aiki. Babu wanda ya ce Baba ya dawo, babu kuma wanda ya iya ce masa ya tafi. Ya tsaya a kan magina har ya sa suka ɓare kusurwa guda suka sake, suna ta tsaki. Yanzu injin yana rarrafe a ƙasan ruwa kamar kunkuru, Baba kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Baba, kai ne ka san ƙarshen maganarka shi ne ƙarshen aikinka, kuma ka faɗe ta. Kai ne muka bincika muka ƙyale rufi. Tsoho mai wuyar gamsuwa, har yau akwai masu cewa ba za a rasa abin da ka samu ba, don dai ba su taɓa ganin irinka ba ne.

Injiniya ya sa hannu a takarda cewa komai lafiya. Maman 'Yan Biyu ta karɓa ta gode, ta bar gadon a falo. Sai da Baba ya yi sati biyu yana hawa yana awo, ta tare shi a matakala.

"Baba, in mayar?"

Ya ce, "Mayar."

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, in ka yarda da hutun. Mu kuwa da muka rage, duk wanda ya ga ruwa na raguwa a inda aka ba shi amana, ya buɗe baki ko da kujerarsa za ta tafi. Wanda ba zai iya ba, aƙalla kada ya shiga ƙaramin kwamiti.