Baban Injin Niƙa a Jadawalina

Shekarar da na ƙudiri aniyar zama babban marubuci, abin da na fara saya shi ne biro biyu, ja da shuɗi. Ban sayi littafi ko ɗaya don in karanta ba. A ganina ilimin yana nan jibge a kaina, tsari kawai ya rage.

A lokacin ina aikin sito a wani kamfanin roba a Sharada, inda ake yin bokiti da buta da baho. Ina da ɗan shafi a intanet da nake zuba rubutu in an tashi cin abinci, kuma abin da ya sa aka san shafin labaran Baba ne. Baba dattijo ne mutumin Jigawa, shi ke kula da injin da ke niƙa fasassun robobi a bayan kamfanin, injin da in ya tashi ko tunaninka ba ka ji. Baba ba ya magana sai da ihu. Na rubuta yadda ya gaya wa abokinsa wani sirri a bakin masallaci, har mai shayin tsallaken titi ya ƙetaro ya ba shi shawara. Na rubuta ranar da ya ce wa mai adaidaita ya tsaya, adaidaita uku suka ja birki. Ban taɓa sa sunansa ba, Baba Lasifika nake ce masa, mutane kuwa kamar su cinye wayoyinsu don dariya.

Amma in na zage na yi rubutu mai nauyi, kan warin ruwan da ke fitowa daga majemun fata na Challawa, ko kan masu tsayuwa a bakin get tun asuba suna jiran a ɗauke su aikin yini, sai shafin ya yi tsit. Akwai wanda na shafe mako ina gyarawa, mutum bakwai suka nuna sun karanta. Biyu daga ciki ni ne, da wayata da ta matata. Sharhi ɗaya aka yi a ƙasa: “Malam, ina Baba?”

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ni da nake so a kira ni mai sharhi kan al'amuran yau da kullum, an mayar da ni ɗan kama.

Sai na ɗauko kalandar da kamfani ke raba mana, na juya bayanta, na ja layuka na makonnin shekara duka. Shuɗi na raha, ja na magana mai nauyi. Dokar ita ce shuɗi biyu, ja ɗaya, kamar yadda ake ɓoye wa akuya magani a cikin dusa. Lahadi uku na kashe a kan wannan aiki. Na kwashe raha daga goman ƙarshe na azumi, na tura ta bayan salla. Na raɗa wa jajayen sunaye masu tsawo, irin waɗanda sai ka ja numfashi a tsakiya. Ko jimla ɗaya ban rubuta ba tukuna, amma har tafiyata ta canza.

Jan da na fi ji da shi na sa shi a wata na uku: yadda ƙarar inji ke cinye kunnen ma'aikaci. A kamfaninmu kowa ya san duk wanda aka gano jinsa ko ganinsa ya ragu, ba a barinsa kusa da inji. Za a yi masa godiya a sallame shi. Ni na fi kowa sani, don ni nake karɓar rigar aiki da takalmin wanda aka sallama in mayar sito. Har na shirya zan shiga adaidaita biyu zuwa Bompai, in nemo wani tsohon ma'aikacin masaƙa da aka ce ya kurumce, in yi hira da shi.

Da na gama, na shimfiɗa wa matata kalandar a kan tabarma, ina jiran yabo. Tana tsince shinkafa, ta bi layukan da ido.

“Malam marubuci,” ta ce, “wannan mai ihun da ka cika shuɗi da shi, shekara nawa ya yi a kan injin nan?”

Na ce tun kafin a ɗauke ni aiki yake can.

“To me za ka je nema a Bompai?”

Ta ci gaba da tsintarta. Shekara uku ina cin kasuwa da ihun mutumin nan, ban taɓa tambayar kaina me ya sa yake ihu ba. Bango ɗaya ne tsakanin sitona da injinsa.

Kunya ta kama ni sosai, amma ba ta daɗe ba, don ni mutum ne da ke iya mayar da kunyarsa abin ado. Kafin a kira la'asar har na hango rubutun: zan fito in nemi gafarar Baba a gaban duniya, in bayyana cewa abin da muke wa dariya ciwo ne, masu karatu su zubar da hawaye, a ce kai, ashe yaron nan yana da zurfi.

Ranar Litinin da aka tashi cin abinci na same shi a inuwar buhunan roba, yana cin gurasa. Na durƙusa na gaishe shi, na fara bayani. A ranar na lura ba idona yake kallo ba, bakina yake kallo. Da na kai kan maganar kunne, sai ya ajiye gurasar, ya kama hannun rigata ya ja ni can bayan buhunan. Ya yi ƙoƙarin rage murya, tana hawa tana sauka, don bai san inda take tsayawa ba.

“Su wa ke karanta abin nan naka?”

“Kowa da kowa, Baba,” na ce, har da ɗan murmushi. “Har manaja. Cewa ya yi labaranku ne kaɗai ke sa shi dariya.”

“Na sani. An daɗe ana nuna mini.”

Na sunkuyar da kai na ce ya yafe mini. Ya ɗago haɓata da yatsa, don in na sunkuya ba ya ganin abin da nake faɗa.

“Ɗana, kunnena na daman nan ya mutu tuntuni. Na hagun ne nake lallaɓawa. Manaja in ya gan ni sai ya ce ga Baba Lasifika, ya yi dariya ya wuce. Ya ɗauka halina ne. Ran da ka rubuta cewa ciwo ne, kai za ka karɓi takalmina. Autata tana makarantar koyon jinya, saura mata shekara biyu. Ka bar ni a mai ihu.”

Na zo in wanke kaina ne, ashe da abincin bakinsa zan yi wankan.

“Kuma watan nan ba ka rubuta komai a kaina ba,” ya ce. “Kada ka daina, sai su fara tunani. Tsaya in ba ka wani.”

Ya ba ni labarin jikan da aka haifa masa makon da ya wuce. Aka miƙo masa jaririn ya yi masa kiran salla a kunne, kamar yadda aka saba. Ya kanga bakinsa ya fara, sai ga maƙwabta biyu sun fito da butoci suna tambayar ko an canza lokacin azahar ne. Yana faɗa yana dariya, ni ma na yi, don labarin ya kai a yi masa dariya.

A wannan makon ja ne a jadawalina. Na soke shi, na rubuta labarin jikan. Ba a taɓa karanta wani rubutuna kamar shi ba. Manaja da kansa ya leƙo sito yana share hawayen dariya. Haka na yi ta yi har shekara biyun suka cika, yarinyar ta gama, Baba ya ajiye aikin da kansa ya koma gida. Shi ya sa yau nake iya faɗin abin da na cire daga labarin.

Da dariyar ta lafa a bayan buhunan nan, sai ya koma ya ɗauki gurasarsa ya kaɗe ta.

“Sun ce yaron ya tsala kuka sosai,” ya ce. “Ni dai na ga bakinsa a buɗe.”