Wanzamin da Ke Cikin Katin Faisal

Har yau ranar da aka gwada wasan Faisal a maɗaba'armu ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka zo daga baya kuna tambaya me ya sa ba a buga shi ba, ga abin da na gani.

Ni ne mai yankan takarda a maɗaba'ar nan ta unguwar Ka'akiyya a Makka tun kafin a canja mudir, wato manaja. Faisal haifaffen Makka ne, jikan Kanawa, Larabcinsa ya fi Hausarsa. Ya tsara wani wasan zama a tebur. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ja kati ya zama mutumin da ke jikin katin, yana magana da bakinsa. Labarin na Nakkasa ne, unguwar mutanenmu a Makka, kafin a yi mata rusau. Ya riga ya sanar a intanet cewa zai fito kafin azumi, matasa suna ta jira.

Ƙa'idar aikinmu ita ce a fitar da burofa, wato bugun gwaji, mai aiki, wato wanda ya kawo a buga masa, ya duba ya sa hannu, sannan a ɗora a inji. Faisal ya ce shi ba zai sa hannu ba sai waɗanda ba su san wasan ba sun buga shi a gabansa. Mudir ya yarda. Bayan la'asar muka zauna, ni da Habu mai inji da wasu biyu.

Na ja kati na karanta. Wanzami ne a saman tudu, yana ɗingishi da ƙafar hagu, yana yin tari kafin ya yi magana, kuma ba ya barin aski a rabi ko da gobara ta tashi. An sa masa suna Isa. Amma na san ƙanena Sani ne, wanda muka binne shekarar da ta gabata.

Faisal ya fara labari. Ya ce motocin rusau sun iso gindin tudu, mutane suna fitar da kaya. Sai ya dube ni, ya kira ni baffa da Larabci.

"Ya ammi, kai ne wanzami. Me za ka yi?"

Na buɗe baki, sai tari ya riga ni, gajere sau biyu. Ba irin tarina ba ne. Na ji muryata ta ce su dakata, akwai kan da nake askewa a hannuna.

Habu yana kallon katinsa, bai ɗago ba, ya ce, "To Sani, yi sauri mana."

Sai ya ɗago ya gan ni. Ya ajiye katin a hankali, yana salati ƙasa-ƙasa.

Na gaya wa Faisal ko wane ne. Ashe bai san ƙanena ne ba, bai kuma san ya rasu ba. Sani ne ke masa aski yana ƙarami, kuma ya ɗauka ya koma Najeriya. Ya tura wa Habu sauran katunan. Habu yana dubawa yana faɗa, wannan ta rasu, wannan an mayar da shi gida Najeriya, wannan ba wanda ya san inda yake. Faisal ya tambaye ni ko zan yarda baƙi su riƙa zama Sani a teburinsu. Na ce ban hana ba, ban kuma ce na yarda ba. Ya tattara burofar ya fita bai sa hannu ba.

Ya ɗaga ranar fitowar wasan zuwa bayan aikin Hajji. Ya dawo da sabbin katuna na mutanen da ya ƙirƙira. Muka sake zama. Ba wanda ya san abin da zai ce, wasan ya mutu a tebur. Shi ma ya gani. Ya ce, "Khalas, ya ammi," wato shi ke nan, kuma bai sake kawo shi ba.

Na ji masu jira suna cewa rago ne, wasu suna cewa takarda ce ta yi tsada ko jirgin ruwan da ke kawo ta ya makara. Waɗannan suna faruwa a sana'armu, na sha gani. Amma irin wannan aiki yawanci a kan mutum ɗaya yake tsaye, kuma wani lokaci sai a gwajin ƙarshe yake gane abin da ya zuba a ciki. Idan mai aiki ya janye a wannan mataki, kada ku matsa masa da tambaya.

Takardar da aka ware wa wasan ta daɗe a sito. Daga baya mudir ya ce a buga katin ɗaurin aure da ita. Ni na yanka.